Kwamfutar hannu a Damagaram: wace ce ke buɗe bidiyo, wace ce ke jin yatsa?

Wanda ya je sayen tabilet, wato kwamfutar hannun nan mai faɗin fuska, ko a kasuwar Dole ne ko a shagunan salula na Zango, abu uku ake fara gaya masa: girman gilashi, yawan giga, da kuɗi. Su ne ke rubuce a kwali, su kuma ɗan kasuwa ya haddace. Amma abubuwa biyun da za su sa mutum ya ji daɗin na'urar, ko ya jefa ta cikin akwati bayan ƴan watanni, ba su a jikin kwali. Na farko, in ka buɗe shafin intanet mai bidiyo ko sauti, za ta kunna shi sumul ko za ta tsaya tana juyi? Na biyu, in ka ɗora yatsa, gilashin zai amsa daidai inda ka taɓa, a lokacin da ka taɓa? A kan waɗannan biyun nake son mu gwada na'urorin da ke shigo mana daga Kano da Dubai da Sin, domin ina ganin ɗalibai da malamai da iyaye suna zuba jakunkuna masu yawa a kan abin da ba zai yi musu aikin da suka saye shi dominsa ba.

Rigimar da ta wuce

A da tambayar tana da amsa mai sauƙi. Lokacin da kamfanin Apple ya fitar da iPad na farko a watan Afrilu na 2010, yawancin bidiyon da ke shafukan intanet da wata manhaja mai suna Flash ta kamfanin Adobe ake kunna shi, kuma iPad bai yarda da ita ba sam. A wannan watan Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kawo dalilansa: Flash na cin batir, tana sa na'ura ta sare, tana da ƙofofin da ɓarayin intanet ke shiga, kuma an gina ta ne don mai aiki da linzamin kwamfuta, ba don mai taɓa gilashi da yatsa ba. Masu Android suka mai da wannan abin talla. Galaxy Tab na Samsung da ya fito a ƙarshen 2010, da Motorola Xoom da BlackBerry PlayBook na 2011, duk an tallata su da cewa suna buɗe intanet gaba ɗayanta. Ba a je ko'ina ba, a Nuwamban 2011 Adobe da kansa ya sanar ya daina ci gaba da Flash ta na'urorin hannu. A farkon 2015 YouTube ya koma kunna bidiyo da tsarin HTML5, wanda burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ke karantawa da kanta ba tare da an ɗora mata komai ba, sannan a ranar 31 ga Disamba 2020 aka rufe babin Flash baki ɗaya.

Saboda haka yau duk sabuwar tabilet ta kirki, ta Apple ce ko ta Android, za ta buɗe YouTube da Facebook da shafukan darussa. Bambancin bai tafi ba, sauka ƙasa ya yi, ya koma inda mai saye ba ya gani.

Abin da ke faruwa kafin hoto ya motsa

Bidiyo ɗanye yana da nauyi ƙwarai, ba rezon da zai iya ɗaukar sa yadda yake. Don haka kafin a ɗora shi a intanet sai an matse shi, na'urarka kuma ita ce za ta warware matsin a daidai lokacin da kake kallo, hoto talatin ko sittin a kowace daƙiƙa. Kamar ɗaurin kaya ne a tasha: kowane mai lodi da irin ƙullinsa, wanda ya san ƙullin zai ja igiya sau ɗaya ta kwance, wanda bai sani ba sai ya yi gumi yana tsintar ta da farce. Irin waɗannan ƙulle-ƙullen guda huɗu ne suka fi yawo. Akwai H.264 na 2003, wanda kusan kowace na'ura ta san shi. Akwai VP9 na Google da H.265, duka na 2013. Sai AV1 na 2018, wanda gamayyar kamfanoni irin su Google da Netflix da Amazon suka haɗu suka ƙera, kuma suka ce yana rage nauyin bidiyo da wajen kashi 30 cikin ɗari a kan na gabansa ba tare da hoton ya lalace ba.

A nan ne ƙwaƙwalwar na'ura ke shigowa. In a cikinta akwai wani ɓangare da aka ƙera musamman don warware wannan salon, aikin na tafiya a sanyaye, batir ba ya jin jiki. In babu, sai babbar ƙwaƙwalwar ta ɗauki aikin da ƙarfin tsiya: bayan na'urar ya ɗau zafi, caji ya zube, hoto ya dinga tsalle, murya ta riga baki. Mai kallon wa'azi, inda malam ke zaune wuri ɗaya, zai iya shekara bai lura ba. Amma a kunna kokowar Takobi ko wasan ƙwallo, inda ƙura ke tashi jiki na juyawa, nan take za a gane na'urar da ke zubar da hotuna a hanya. Kusan duk tabilet ɗin Android ta matsakaicin kuɗi ta shekarun nan ta iya H.264 da H.265 da VP9. AV1 kuwa har yanzu sai sababbi, kuma a gidan Apple ma sai daga ƙwaƙwalwar A17 Pro da M3 aka sa masa nasa ɓangaren. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, domin YouTube na tambayar na'ura abin da ta iya kafin ya aiko mata. Amma wadda ta iya sabon salo tana cin mega kaɗan a kan hoto iri ɗaya, kuma a garin da ake sayen forfe ana lissafi, wannan kuɗi ne.

Ya kamata a yi wa na'ura adalci a wuri ɗaya. Ba duk dishi-dishin hoto ne laifinta ba. Shafukan bidiyo na yanka shi gunduwa-gunduwa na ƴan daƙiƙoƙi, kowace gunduwa an ajiye ta a mataki daban-daban na kyau, sai na'urar ta dinga zaɓar wadda rezo zai iya kawowa. YouTube ya ba da shawarar gudun megabit 1.1 a daƙiƙa ga matakin kyan hoto na 480, da 2.5 ga 720, da 5 ga 1080. In ka lissafa na 720 a kan wannan gudun, awa guda na iya kaiwa wajen giga ɗaya. Shi ya sa da yawa daga cikinmu a 360 ko 480 muke kallo ko da na'urar ta iya fiye da haka. Kuma hoton 360 da ya yi kyau a ƙaramar fuskar salula, in aka shimfiɗa shi a kan inci goma sai ya baje. Mai sayen tabilet ya sani tun farko cewa babbar fuska tana da cin mega, ko layinsa na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms.

Akwai kuma wani makulli da ake kira Widevine, na Google, wanda shafukan fina-finai na biya irin su Netflix ke aiki da shi don kada a saci kayansu. Yana da matakai. Na'urar da ke da L1 za a ba ta hoto mai kyau sosai, wadda ke da L3 kuwa za a tsayar da ita a kan 480 komai ƙarfin rezo, komai kyan gilashinta. Yawancin marasa suna L3 gare su. Wanda YouTube da Facebook kaɗai yake kallo, wannan bai shafe shi ba.

Tsufan manhaja

Wannan ne, a ganina, ramin da ya fi cin mutane a Damagaram, musamman masu sayen okaziyo. Tsohon iPad yana da kyan jiki. Bayansa ƙarfe, gilashinsa garau, in ka taɓa yana amsawa kamar jiya aka ƙera shi. Amma intanet ba ta tsaya inda ya tsaya ba. iPad 2 da iPad 3 da mini na farko sun tsaya a zubi na 9 na tsarin manhajar Apple, wato iOS 9, iPad 4 a iOS 10, iPad Air na farko da mini 2 da mini 3 a iOS 12, Air 2 da mini 4 kuma a 15. Daga nan ba sa ƙara gaba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a kan iPad ɗin da ke hannunmu duk burauzar da ka ɗora, Chrome ce ko Firefox, da injin burauzar Apple, wato Safari, na cikin na'urar take aiki, wanda ake kira WebKit. Suna da launi ne kawai ke sauyawa. In injin ya tsufa, duk sun tsufa tare, ba wata manhaja da za ka sauke ta cece ka. Kiran bidiyo ta cikin burauza, irin wanda ake yin darasi ko taro da shi, sai a Safari 11 na 2017, wanda ya zo da iOS 11, ya fara aiki. WhatsApp na iPad, wanda sai a Mayun 2025 ya fito, yana neman zubi na 15.1 zuwa sama. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da aka sayo wa iPad 4 don ya bi darasi ta intanet, na'ura mai kyau aka ba shi wadda ba za ta shiga ajin ba.

Android na da nasa tsufan, sai dai ya bi ta wata hanya. Chrome na Android ana sabunta ta daban da tsarin na'urar, don haka tabilet ɗin da kamfaninta ya manta da ita na iya ci gaba da buɗe sababbin shafuka na wasu shekaru. Amma wannan ma yana da iyaka: tun 2025 sabuwar Chrome sai daga Android 10 zuwa sama. Ƙasa da haka akwai matsalar takardun shaidar tsaro. Shafuka masu ɗimbin yawa daga wata cibiya mai suna Let's Encrypt suke karɓar shaidarsu, kuma tun 2024 na'urorin da ke ƙasa da Android 7.1.1 ba su gane wannan shaidar, sai ka ga an rubuto maka cewa shafin ba amintacce ba ne alhali lafiyarsa lau. A nan Android ya fi iPad mafita, domin Firefox ta Android da injinta take zuwa da kuma nata kundin shaidu, sau da yawa takan buɗe abin da Chrome ta ƙi. Duk da haka dabara ce ta lallaɓawa, ba dalilin sayen tsohuwa ba ce.

Sai masu shigowa ba manhajojin Google. Fire na Amazon ba ta zuwa da Play Store, kuma an gina ta ne don mai asusun Amazon. Huawei da aka ƙera bayan takunkumin Amurka na 2019 su ma haka, duk da cewa gilashinsu na da kyau ƙwarai. Haka wasu Xiaomi da Lenovo da aka yi don kasuwar cikin Sin. Masu gyara kan yi dabara su ɗora, wani lokaci ta zauna, wani lokaci sabuntawa ɗaya ta rushe ta. Ga wanda ba ya son yawan zuwa wurin mai gyara, ban ga amfanin shiga wannan ba.

Tabilet mai Windows, irin Surface ta Microsoft, ita ce ta fi kowa buɗe shafi yadda kwamfutar tebur ke buɗe shi. Sai dai okaziyonta na zuwa da batir da ya gaji, manhajojinta da yawa maɓallansu ƙanana ne ba don yatsa aka yi su ba, kuma Windows 10 da yawancinsu ke ɗauke da shi Microsoft ya daina kula da shi a Oktoban 2025.

Layi, katin memori da masu turi

Gwaje-gwajen da ake yi a Turai ba sa kawo wannan, amma a wurinmu yana iya yanke hukunci shi kaɗai. iPad mai ɗaukar layi intanet kawai yake sha da layin. Ba ya kira da shi, ba ka iya danna tauraro da lambobi ka sayi forfe ko ka duba abin da ya rage. Dole ka ciro layin ka sa a salula, ko wani ya turo maka. Sababbin ma, daga iPad Pro da Air na 2024, an cire musu ramin layin gaba ɗaya, sai layin da ake ɗorawa ta manhaja, wanda sai ka tabbatar kamfaninka na bayarwa. Yawancin tabilet ɗin Android masu layi da ake kawowa kasuwarmu kuwa suna kira, suna karɓar saƙo, suna danna lambobin nan kamar kowace salula. A kula dai da waɗanda aka yi don wani kamfanin waya na Amurka: wasu a kulle suke, wasu kuma zangon 4G ɗinsu bai dace da namu ba.

Sannan kaso mai yawa na abin da muke kallo ba kai tsaye daga intanet yake zuwa ba. Daga wurin masu turi yake zuwa, ko ta Xender daga wayar aboki, ko a katin memori: tafsirin azumi cikakke, fina-finai, karatun littattafai, darussan shirin BEPC da BAC. Android na karɓar katin memori, ka zura ka kunna. iPad ba shi da ramin kati, kuma duk da cewa tun iPadOS 13 na 2019 yana karanta filas, sai ka nemi mahaɗi, kuma giga ɗin da ka saye shi da su da su za ka zauna. Manhajar VLC na buɗe kusan kowane irin fayil a duka biyun, wannan kam ba matsala.

Gilashin da ke jin yatsa

Gilashin taɓawa iri biyu ne. Tsohon salo leda biyu ne a saman juna, sai ka danna sun haɗu kafin ya amsa. Da farce ko tsinke ma yana aiki, amma yana da nauyin ji, kuma ba ya gane yatsu biyu sosai. Yau da wuya ka gan shi sai a tsofaffin na'urori. Salon da ya mamaye kasuwa ba ya jin dannawa, lantarkin jikin mutum yake ji. A ƙarƙashin gilashin akwai raga ta siraran layuka da ido ba ya gani, na wani sinadari mai ɗaukar lantarki, a tsaye da a kwance. In yatsa ya kusanto sai ya ja kaɗan daga cajin mahaɗar da ke wurin, wata ƴar ƙwaƙwalwa kuma tana zagaye ragar sau da dama a daƙiƙa tana lissafin inda aka taɓa. Ingancin abin da masu gyara ke kira taktil ya rataya ne a kan yawan layukan ragar, da saurin zagayen, da wayon ƴar ƙwaƙwalwar wajen raba yatsa da abin da ba yatsa ba. A nan ne kamfanonin araha ke rage kuɗi, domin ba wanda zai gani a kwali.

In ka fahimci wannan, halayen da muke gani kullum sai su fito fili. Ka idar da alwala ka ɗauki na'ura da damshi a hannu, ta dinga buɗe abin da ba ka taɓa ba: ruwa na ɗaukar lantarki, ta ɗauke shi yatsa. Gumin bazara haka yake yi. A hunturu kuma akasin haka, fata ta bushe ta yi kanta, musamman ga manomi ko magini ko dukawa masu aikin fata, sai gilashi mai rauni ya ƙi ji sai an maimaita. Ƙara masa gilashin kariya mai kauri, ka ƙara nisanta yatsan da ragar. Abin da ya fi ba mutane tsoro shi ne na'ura ta dinga taɓa kanta in tana caji. Yawanci laifin caja ne. Cajar banza ba ta tace wutar da kyau, hayaniyar lantarkin na shiga ragar, kuma abin na ƙaruwa in wutar ta janareta ce ko ta ƙaramin inbata. Kafin a kai ta a canja gilashi, a cire cajar a gani. In ta natsu, caja za a canja.

Zafi ma na da nasa. Apple ya rubuta cewa iPad an yi shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran kamfanoni ma kusan haka suke faɗa. Mu kuwa a Afrilu da Mayu sama da 40 muke wuni. In na'ura ta yi zafi tana rage gudun ƙwaƙwalwarta da hasken fuskarta don ta kare kanta, sai bidiyo ya fara sarƙewa, taɓawa ta yi nauyi. Wadda ke warware bidiyo da ƙarfin tsiya ita ke fara shiga wannan halin, ka ga ashe tambayoyin nan biyu a haɗe suke. In aka daɗe ana caji ana kallo cikin zafi, batir na iya kumbura ya turo gilashin daga ciki. Duk okaziyon da ka ga gefen gilashinta ya ɗaga ko da kaɗan ne, ka ajiye ta.

Ƙura kuwa, yashin da ke cikinta ya fi gilashi tauri. Goge fuskar da gefen riga alhali da ƙura a kai shi ke kawo siraran zanen nan, yana kuma cinye santsin da aka shafa mata don kada maiƙon hannu ya kama. A fara hurewa, sannan a goge da ƙyalle mai laushi.

To in aka jera su fa? A wajen amsa yatsa, iPad ne a gaba, har mai arahar cikinsu. Yatsa na tafiya shafi na bin sa, ba rata. Wannan ba don gilashin kaɗai ba ne, kamfani ɗaya ne ya yi na'urar da manhajar ya daidaita su. Samsung na jerin Tab S sun kamo shi, kuma alƙalaminsu na S Pen yana zuwa a kwali, ba ya bukatar caji don rubutu, alhali Apple Pencil saye ake yi daban da tsada. Ga mai zane, ko malamin da ke gyara takardun ɗalibai, ko mai rubutun ajami da hannu, abin dubawa shi ne ko na'urar za ta yi watsi da tafin hannu in ya kwanta a gilashi yana rubutu. Alƙalamin roba na kasuwa ba ya yin wannan, yatsa ne kawai aka sa wa hula. A tsakiya akwai irin Galaxy Tab A9+ mai inci 11 da fuska 1920 a 1200 da ke sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa, da takwarorinta na Lenovo da Redmi. Suna ɗan jinkiri in an buɗe abubuwa da yawa, amma taɓawarsu amintacciya ce, kuma ga yawancin gidaje a nan su ne suka fi dacewa da aljihu da kuma yadda muke aiki. A ƙasa kuma sai marasa suna, masu zuwa da kyautar allon rubutu da linzami da abin kunne a kwali ɗaya, an rubuta musu ram da giga masu ban mamaki. Araha ba ta ado. Da yawansu an gyara manhajarsu ne ta nuna lambobin da ba su ne a ciki ba, har da lambar Android ɗin. Irin waɗannan ake saya wa yara, kuma abin na damuna, domin yaron da ke koyon rubuta harafi yana bukatar gilashin da ke bin yatsansa daidai fiye da babba.

Siffar fuska ma abin dubawa ce. iPad ya fi kusa da murabba'i, awon 4 da 3 ko kusa da haka, wanda ya dace da shafin littafi da PDF da Mus'hafi, amma in ka kunna fim sai baƙi ya cinye sama da ƙasa. Yawancin na Android 16 da 10 ne, sun fi dacewa da bidiyo, a tsaye kuma shafi ya ɗan matse. Mai karatun Larabci ya guji fuska mai 1024 a 600, domin wasulla da ɗigo na narkewa a cikinta sai an yi ta zuƙowa. Ga gidan da mutum biyar za su zauna a tabarma su kalli na'ura ɗaya, a nemi fuska irin IPS: ta arahar in ka kalle ta daga gefe launi na juyewa, na tsakiya kaɗai ke ganin daidai. Haske kuma, iPad na yau da kullum nit 500 gare shi, wanda ya isa a inuwar rumfa amma ba cikin rana tsaka ba. Marasa suna ko a inuwar sai ka kare da hannu.

Wani abin ba laifin gilashi ba ne, na masu gina shafi ne. Apple ya ba da shawarar kada maɓalli ya gaza awo 44, Google ya ce 48, wato kimanin faɗin kan yatsa. Shafukan rajista da na neman gurbin karatu da yawa don kwamfutar tebur aka yi su, da ƙananan akwatuna da jerin zaɓi da ba ya buɗewa sai linzami ya tsaya a kansa. A irin wannan wurin babbar fuska na taimakawa, amma linzami mai Bluetooth ya fi, kuma iPad da Android duk suna karɓar sa. Wajen rubutu, Gboard, manhajar rubutu ta Google, na da allon Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ana kuma iya haɗa shi da na Faransanci da na Larabci a dinga sauyawa. In allon rubutu na waje za a saya, a duba jerinsa, domin na Kano da Dubai QWERTY ne, wanda ya koya a AZERTY zai ɗan sha wuya.

Duk wannan ana iya gwada shi a gaban mai shago cikin ƴan mintoci, kuma ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai hana ba. Ka kunna masa intanet daga salularka, ka buɗe YouTube a burauza, ba a manhaja kaɗai ba, ka sa bidiyo mai gudu a 720 ka bar shi ya ɗan jima, hannunka na bayan na'urar kana jin zafinta. Ka danne wata alama a fuskar ka ja ta a hankali zuwa kowace kusurwa da kowane gefe. In ta kuɓuce a wani wuri, ragar ta mutu a nan. Ka buɗe wurin zane ka ja layi a karkace sannu a hankali: in ya fito miƙaƙƙe ragar mai kyau ce, in ya fito kamar matakala layukanta sun yi nisa da juna. Ka sa ta a caji da cajar da za a ba ka, ka sake taɓawa. Ka fita da ita bakin ƙofa ka ga haskenta. Ka buɗe Play Store ka ga ko zai bari ka sabunta Chrome, domin wannan ya fi lambar da aka rubuta a saiti faɗin gaskiya. In okaziyo ce, a goge ta gaba ɗaya a gabanka a sake kunnawa har ta kai ka ciki da asusunka. iPad ɗin da ya tsaya yana neman iCloud, wato asusun Apple, na mai shi na farko, ko Android ɗin da ke neman tsohon asusun Google, kada ka karɓa bisa alkawarin za a buɗe maka gobe.